Chamonix: Garin da Jagorori Suka Raya a Gindin Mont Blanc

A tsakiyar garin Chamonix, a bakin kogin Arve, akwai mutum-mutumin tagulla na mutane biyu a tsaye. Ɗaya masani ne ɗan masu hali daga birnin Geneva, Horace-Bénédict de Saussure. Ɗayan ɗan ƙauye ne, Jacques Balmat, ya miƙe hannu yana nuna masa ƙololuwar dutsen Mont Blanc. Tun 1887 suke nan. Baƙo kan tsaya ya ɗauki hoto ya wuce, yana zaton su biyun ne suka fara taka ƙololuwar, alhali abokin tafiyar Balmat a ranar farko likitan garin ne, Michel-Gabriel Paccard. Sai a 1986, shekara 200 cif bayan hawan, aka tuna da likitan aka kafa masa nasa mutum-mutumin, yana zaune shi kaɗai can gefe.

Garin yana kudu maso gabashin Faransa, a cikin tsaunukan Alps, daf da iyakar Italiya da Suwizalan. Kwari ne dogo siriri, tudunsa ya ɗan haura mita 1,000 daga teku, Mont Blanc kuwa ya yi masa rumfa da tsayin kusan mita 4,806. Mazaunansa na dindindin ba su kai dubu goma ba, amma baƙin da ke zuwa a shekara sai dai a ƙirga da miliyoyi.

Sunan kwarin ya fara fitowa a takarda ne a 1091, lokacin da hakimin Geneva ya ba da shi kyauta ga wani gidan 'yan zuhudun Kirista da ke kusa da Turin. Daga nan aka shafe ɗaruruwan shekaru babu mai zuwa sai mai dalili. Mutanen wurin makiyaya ne da ƙananan manoma. Hunturu yana da tsawo, gona ba ta ciyar da gida, don haka maza kan hau duwatsu farautar awakin dawa, ko haƙo duwatsu masu ƙyalli da ake sayarwa a birane. Ba don sha'awa suke hawa ba. Ƙololuwar kanta tsoronta suke ji, kuma suna da hujja. A kwazazzaban dutsen akwai kogunan ƙanƙara, wato dusar ƙanƙarar shekaru aru-aru da ta danne juna ta daskare, tana gangarowa a hankali saboda nauyinta. A ƙarni na 17 sanyi ya tsananta a Turai, kogunan suka yi ta matsowa har suka cinye gonaki, suka rushe gidaje a wasu ƙauyuka. A 1644 sai da jama'a suka gayyato bishop Charles-Auguste de Sales ya jagorance su zuwa bakin ƙanƙarar, aka yi addu'ar Allah ya tsayar da ita.

Labari ya fara sauyawa a 1741, da zuwan wasu Turawan Ingila ƙarƙashin William Windham da Richard Pococke, wanda bai daɗe da dawowa daga yawon Masar da ƙasashen Sham ba. Sun taso daga Geneva ɗauke da makamai, don an ce musu wurin ba shi da tabbas. Mutanen gari suka haura da su wani tudu da ake kira Montenvers, suka leƙa kogin ƙanƙarar da aka sani yau da Mer de Glace. Bayanin da Windham ya rubuta ya bazu a Turai, 'ya'yan masu kuɗi suka fara zuwa kallo, har a 1770 wata mata, Madame Coutterand, ta buɗe masaukin baƙi na farko.

Shi Saussure ya fara zuwa a 1760 yana ɗan shekara 20, ya yi shelar lada ga duk wanda ya gano hanyar ƙololuwa. Aka yi shekara 26 ana gwadawa ana dawowa. Abin da ya fi tsorata mutane shi ne kwana a kan dusar ƙanƙara, don an yi imani wanda dare ya riske shi a can ba zai wayi gari ba. A Yunin 1786 dare ya rutsa da Balmat shi kaɗai a sama, ya kwana, ya kuma sauko da ransa. Bayan wata biyu suka haɗa kai da Paccard, wanda ya daɗe yana nazarin dutsen da madubin hangen nesa. Babu igiya, babu gatarin sarar ƙanƙara, dogayen sanduna kawai suke dogarawa, likitan yana ɗauke da na'urorin awo. Da ƙarfe 6:23 na yammacin 8 ga Agusta 1786 suka isa, mutane a gari suna hangen su ta madubi. A hanyar dawowa hasken dusar ya kashe wa Paccard ido na ɗan lokaci, sanyi ya ci masa hannuwa.

Abin takaici ya biyo baya. Wani marubuci ɗan Geneva, Marc-Théodore Bourrit, wanda shi kansa ya sha neman ƙololuwar bai samu ba, ya baza cewa Balmat ne ya yi komai, likitan jan sa aka yi. A 1832 marubuci Alexandre Dumas ya ji labarin daga bakin Balmat, ya ƙara masa gishiri, duniya ta karɓa. Sai a ƙarni na 20 takardun shaidun gani da ido suka fito suka wanke Paccard. Balmat ya karɓi ladar, ya kuma raka Saussure ƙololuwar a 1787 tare da ayarin jagorori 18. Ƙarshensa bai yi daɗi ba: a 1834, yana ɗan shekara 72, ya ɓace a duwatsun Sixt wajen neman zinariya, ba a ga gawarsa ba. Mace ta farko da ta hau ita ma 'yar kwarin ce, Marie Paradis, mai aikatau, a 1808.

A ganina, shekarar da ta fi kowace muhimmanci a tarihin garin ita ce 1820. A watan Agustanta wani masani mai yi wa Rasha aiki, Dokta Joseph Hamel, ya ɗauki jagorori zuwa ƙololuwa. Sabuwar dusar ƙanƙara ta zuba, jagororin suka nuna a dakata, shi kuwa ya matsa sai an ci gaba. Dusar ta zaftare ƙarƙashin ƙafafunsu, ta tafi da mutum uku cikin wani tsagin ƙanƙara: Pierre Carrier da Pierre Balmat da Auguste Tairraz. Dukansu 'yan gari ne, talakawa masu neman abin kai wa gida. Ƙanƙarar ta riƙe su shekara 41 tana gangarowa da su, sai a 1861 ta fito da sassan jikinsu da tufafinsu a ƙasan kogin ƙanƙarar Bossons, har wani tsohon jagora da ya tsira a ranar ya zo ya shaida su.

Shekara guda bayan hatsarin, a 1821, garin ya kafa ƙungiyar jagorori, Compagnie des Guides de Chamonix, wadda ita ce mafi daɗewa a irinta a duniya. Aka yanke kuɗin kowace tafiya, aka buɗe asusun taimakon wanda ya ji rauni da iyalan wanda ya rasu, aka kuma tsara aiki bi da bi, kamar yadda direbobi ke bin layin lodi a tasha, don kada 'yan kaɗan su kwashe baƙi su bar saura. Baƙi da yawa, musamman Ingilishi, sun yi ta ƙorafin an hana su zaɓen wanda suke so. Amma tsarin ne ya sa ɗan ƙauye ya samu bakin ce wa mai kuɗi a'a idan ya ga sama ta ɓaci. Har gobe, ranar 15 ga Agustan kowace shekara jagororin kan fito cikin kayansu na gargajiya, a sa wa igiyoyi da gaturansu albarka a gaban cocin garin, abin da aka tara a bikin ya shiga asusun.

Sauran ci gaban ya zo a gurguje. A 1860 yankin Savoie, wanda Chamonix ke ciki, ya koma hannun Faransa, aka gyara hanyar keken doki. Jirgin ƙasa ya iso a 1901. A 1909 aka kammala layin jirgin ƙasa mai haƙora da ke hawa Montenvers, duk da adawar masu alfadarai da ke cin abinci da ɗaukar baƙi. Wani likita, Michel Payot, ya koya wa mutane zamiya a kan dusar ƙanƙara da dogayen katakai a ƙafa, da su yake zuwa duba marasa lafiya, kuma wannan ya mayar da hunturu lokacin kasuwa. A 1924 ƙasashe 16 suka hallara a nan, aka yi gasar Olamfik ta hunturu ta farko.

Baƙon yau ba ya buƙatar ƙarfin Balmat. Motar igiya da aka buɗe a 1955 kan ɗaga shi daga cikin gari zuwa Aiguille du Midi, mai tsayin mita 3,842, cikin kamar minti 20. A can iska ta yi ƙaranci, matakala goma kan sa mutum haki. Mai son tafiyar ƙasa yana da hanyar da ta kewaye dutsen, kusan kilomita 170 ta cikin Faransa da Italiya da Suwizalan, ana kwana a bukkokin dutse, ana gamawa cikin kwana bakwai zuwa goma. Tun 2003 ake tseren gudu a kan wannan hanya a ƙarshen Agusta, gwanaye na kammalawa cikin kusan awa 20. Daga tudun Planpraz kuma masu tashi da lema kan sako kansu su yi ta shawagi bisa rufin gidaje.

Wanda ya hau jirgin Montenvers zai ga abin da ke hana mutanen garin barci. Tun 1946 ake fafe kogo a cikin Mer de Glace don baƙi su shiga, amma ƙanƙarar na narkewa tana nutsewa ƙasa. A jikin dutsen an kafa alluna masu nuna inda ta kai a shekaru daban-daban, kowane allo ƙasa da wanda ya gabace shi. Matakalar sauka ta yi ta ƙaruwa har ta haura 500, dole a 2024 aka buɗe sabuwar motar igiya can gaba inda ƙanƙara ta rage. A sama ma daskararriyar ƙasar da ke riƙe duwatsu tana saki. A Yulin 2022, da zafi ya yi tsanani duwatsu suka riƙa gangarowa a kwazazzabon Goûter, jagororin Chamonix da na Saint-Gervais suka dakatar da kai baƙi ta babbar hanyar ƙololuwa, a tsakiyar lokacin da suka fi samun kuɗi. Da yawansu yanzu sun matsar da manyan hawansu zuwa farkon bazarar Turai, kafin zafi ya kama.