Direba da Mai Mota: Tarihin Lada, Haraji da Fansho a Hanyar Tsafe, Gusau da Bunguɗu



Duk wanda ya tsaya a tashar manyan motoci a Gusau zai ga direbobi biyu sun yi lodi iri ɗaya, za su bi hanya ɗaya, amma a idon doka ba matsayinsu ɗaya ba. Ɗaya ma'aikaci ne mai albashi, ɗaya kuwa ɗan kwangila ne mai cin gashin kansa. Wannan bambanci shi ke yanke wanda zai biya haraji da hannunsa, da wanda zai ɗauki asara in mota ta faɗi, da wanda zai sami abin dogaro ranar da ido ya daina ganin hanya da dare. Nufina shi ne mu bi sawun yadda aka zo nan.

Tambayar ta girmi mota. A zamanin fatake, madugu yakan jagoranci ayari zuwa Gwanja, a cikin ayarin akwai mai jakunansa da ke fatauci da dukiyarsa, akwai kuma ɗan alaro da yaran gida waɗanda ƙarfinsu kaɗai suka kawo. Malaman fiƙihu sun riga sun rarrabe ijara, watau ɗaukar mutum aiki bisa lada sananne, da ji'ala, inda ba a biya sai buƙata ta biya. Littafin Risala ma ya nuna cewa mai jirgin ruwa ba ya cin kuɗin dakonsa sai ya isar da kaya. Direban da ake biya bisa kowace tafiya, ko ya sani ko bai sani ba, a kan wannan tsohuwar ƙa'ida yake zaune.

Abin da ya mai da Gusau garin direbobi shi ne jirgin ƙasa. Hanyar dogo da ta tashi daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ta kai Ƙaura Namoda a 1929, ba ta kuwa taɓa isa Sakkwato ba. Saboda haka gyaɗa da auduga da fatu na yammacin lardin sai an ɗauko su a mota, a biyo ta Talatar Mafara da Maru da Bunguɗu, kafin su hau jirgi. Kamfanonin Turawa suka kafa kantuna, aka kafa injin gurzar auduga, daga baya a shekarun 1960 aka sami masaƙa. Tun daga nan aiki ya rabu gida biyu. Ma'aikacin reluwe da direban En'e suna da suna a littafin albashi. Direban da ke kwaso gyaɗa daga ƙauye kuwa aikinsa na kaka ne, in an gama ciniki sai a jingine mota, shi kuma ya koma gona.

Hukumomin ciniki na gyaɗa da auduga da aka kafa a 1949, waɗanda aka haɗe a ƙarƙashin Jihar Arewa a 1954, sun ƙarfafa wannan tsari. Hukuma ba ta ɗaukar direba. Tana ba wakili lasisin saye, ta lissafa masa kuɗin dako, shi kuma ya nemi mai mota, mai mota ya nemi direba, direba ya nemi yaron mota. Kowane mataki yana miƙa wa na ƙasa da shi rabon asara fiye da rabon riba. Ba banza ba waƙar da ta fara fito da sunan Ɗanmaraya Jos ta zama ta karen mota: shi ne ƙarshen wannan tsani, ladansa abinci da fatan wata rana a koya masa tuƙi.

Dokar 1972 ta mai da harkokin kasuwanci hannun 'yan ƙasa ta keɓe wa 'yan Nijeriya dakon kaya a kan titi. Abin alfahari ne, amma yana da wani sakamako da ba a cika faɗa ba. Sana'ar ta ƙara watsuwa a hannun alhazai masu mota biyu ko uku, waɗanda yarjejeniyarsu da direba ta baka ce, shaidarta amana. Wani yana ba da ɗan albashi da kuɗin hanya, ya kau da kai daga abin da direba ya samu na kayan da ya tsinta a hanya. Wani yana yanka balas, abin da ya ragu na direba ne. Wani kuma yana ba da motar bashi, a riƙa biya kaɗan-kaɗan har ta zama ta direba, in ba ta mutu kafin nan ba. Da aka rushe hukumomin ciniki a 1986, jirgin ƙasa kuma ya durƙushe, kaya suka koma kan titi kusan gaba ɗaya, aikin ya ƙaru amma tsarinsa bai sake ba.

To, me doka ta ce? Dokar ƙwadago ta 1974 ta yarda da yarjejeniyar baka, ta kuma wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗansa a rubuce cikin wata uku. Sai dai kotu na fara tambaya: shin ma'aikaci ne ko ɗan kwangila? Shahararriyar shari'ar da alƙalai ke komawa gare ta a nan ta direban babbar mota ce a Ingila, a 1968, ta kamfanin Ready Mixed Concrete. Direban ya sayi motar bashi ta hannun wani reshen kamfanin, an shafa mata launin kamfani, yana sa rigar kamfani, amma kotu ta ce ɗan kwangila ne, domin motar tasa ce, riba da asara kuma a wuyansa suke. Kotun Ƙoli ta Nijeriya, a shari'ar Shena Security da Afropak a 2008, ta jera ma'aunai masu kama da haka: albashi ake biya ko kuɗin aiki, wa ya kawo kayan aiki, wa ya tsara lokaci, kuma ko mutum na iya wakilta wani. In aka auna da waɗannan, direban balas da ke tuƙa motar alhaji ya fi kusa da ma'aikaci, ko da shi da alhajin ba su taɓa kiran abin da wannan suna ba.

Amma a ce mutum ma'aikaci ne bai isa ba, domin dokokin sun zo da ƙofofi. Dokar mafi ƙarancin albashi ta 1981, ta naira 125, ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 50 ba. Ta 2019, ta naira 30,000, ta sauko zuwa 25, amma ta cire masu aikin kamasho da waɗanda ake biya bisa yawan aiki. A 2024 aka ɗaga kuɗin zuwa naira 70,000. Dokar fansho ta 2014 ta ce mai ɗaukar aiki ya zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8, ta kuma ambaci wuraren da ke da ma'aikata 15 ko fiye. Masu mota nawa ne a Tsafe ko Bunguɗu ke da direbobi goma sha biyar? Shirin ƙaramin fansho da aka ƙaddamar a 2019 domin masu sana'ar kansu na ganin dama ne, kuma daga aljihun direba kaɗai kuɗin ke fita. Direbobin tanka, masu lodi a ma'ajiyar mai, sun fi sauran samun tsayayyen sharaɗi, saboda reshensu a ƙungiyar NUPENG na iya zama da ƙungiyar masu motoci ta NARTO a yi ciniki. Ƙungiyar NURTW kuwa, wadda aka kafa a 1978, ta haɗa direban haya da mai tuƙa motarsa a inuwa ɗaya, ƙarfinta kuma ya fi bayyana a tasha bisa ga teburin albashi.

Ga ma'aikatan da ke wannan zaure, waɗanda ake yanke musu haraji tun kafin albashi ya shigo hannu, abu ne mai sauƙi su ce direba ba ya biyan haraji. Ni ban yarda ba. Yana biyan kuɗin tasha da na ƙungiya da na lodi da na takardun mota, yana kuma biya a shingayen hanya, duk da cewa dokar haraji ta 1998 ta hana kafa shinge domin karɓar kuɗin shiga. Bambancin shi ne na ma'aikaci yana shiga littafi da sunansa, na direba kuwa rasiti ne na yini ɗaya, in ma an ba shi. Sabuwar dokar haraji ta 2025 ta yafe naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara, amma wannan sauƙi bai taɓa kuɗin shinge ba.

Saura maganar haɗari, wadda ta ƙara nauyi tun da 'yan bindiga suka addabi hanyar Funtuwa zuwa Tsafe da Gusau. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta fi sauran faɗi: ta haɗa da mai aikin wucin gadi da mai koyon sana'a, watau har karen mota, ta kuma ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin ɗari na albashin da yake biya a asusun NSITF. Sai dai lissafin kashi ɗaya na buƙatar littafin albashi, alhali yawancin masu mota ba su da shi. Direban da ya gama biyan bashin motarsa kuwa, ranar da ta zama tasa, ranar ce ya rasa wanda doka za ta kira mai ɗaukarsa aiki, sai abin da 'yan tasha suka tara wa iyalinsa in abin ya faru.