Tarihin Dabarar Gano Gubar Feshi a Nama da Ruwan Kumasi

A shekarar 1952 ne Archer Martin da Anthony James suka fito da dabarar gas-kuromatogirafi a Landan. Akan mai da samfurin abu tururi, sai iskar naitirojin ko hiliyam ta kora shi cikin siririn bututu. Kowane sinadari yana da lokacin fitowarsa, kuma da wannan lokaci ake gane shi. A 1957 James Lovelock ya ƙera ma'aunin da ke gano sinadarai masu kulorin, irin su DDT, komai ƙanƙantarsu.

Sai aka gane cewa maganin feshi ba ya gushewa bayan girbi. Yakan zauna a ƙasa da ruwa shekara da shekaru, ya shiga ciyawa, ya taru a kitsen dabba. Wannan ilimi na daga cikin abin da ya kai ga Yarjejeniyar Istokholm ta 2001, wadda Gana ta amince da ita.

A Kumasi, masu binciken Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah sun yi aiki da dabarar. Binciken 2007 ya sami ragowar DDT a naman mayankar Kumasi, na 2008 kuma ya same ta a kifin tafkin Bosomtwe.

Lamarin ya shafi mutanen Zongo, waɗanda suka daɗe da sana'ar fawa da cinikin shanu a birnin. Gogaggen mahauci yana gane nama mai cuta da ido, amma wannan guba sai na'ura.