Makarantar Wusasa da Watan Kirsimati

Yau za mu waiwayi Wusasa. A shekara ta 1905 Likita Mila ya zauna cikin birnin Zariya, yana koya wa yara karatu. A 1929 mishan ta ƙaura zuwa Wusasa, bayan gari, aka kafa majami'a da makaranta. A 1932 aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa.

A wancan zamani shekarar makaranta takan ƙare a Disamba. Saboda haka jarrabawa da shirin Kirsimati tare sukan zo, cikin sanyin hunturu, ga kuma girbin dawa. Yara su yi addu'a da safe, su yi lissafi, su haddace labarin haihuwar Almasihu cikin Luka sura 2. Uba yana bukatar ɗansa a gona, duk da haka ya sake shi. Uwa ta saurari haddarsa da dare.

A makarantar nan Yakubu Gowon ya yi karatu, shi wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1966 zuwa 1975. Amma malami kaɗai bai isa ba, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kai fa, ka san abin da ɗanka ya koya yau?