Jinjiri na girgiza kai: yaushe ne ba komai, yaushe ne za a garzaya likita?

Jama'ar Garhanga da kewaye, da ƴan uwa da ke ci-rani, wannan tambaya ce da ke hana uwaye mata barci, musamman masu haihuwar fari. Jinjiri ya riƙa kaɗa kai dama da hagu, ko ya yi ta murza ƙeya a kan shimfiɗa. Wata ta ce haƙori ne, wata ta ce iska ce. To, a mafi yawan lokaci girgiza kai kaɗai ba ciwo ba ne. Abin dubawa shi ne sauran alamun da ke tare da shi.

Wanda ba na damuwa ba

Jinjiri na fara riƙe wuyansa da kyau ne wajen wata 4. Daga nan yakan yi ta juya kai yana gwada ƙarfinsa, ko yana bin murya. Wajen shan mama kuma yakan kaɗa kai yana laluben kan nono. Daga wata 6 zuwa 9 yara da yawa na mirgina kai idan barci ya zo, wato lallashin kansu suke yi, kamar yadda goyo ke jijjiga su. Wannan ɗabi'a takan wuce da kanta, galibi kafin shekara 3. Ƙaiƙayin ƙurajen zafi ma na sa yaro goga ƙeya, har gashin wurin ya suɗe.

Ga gwaji mai sauƙi: ki kira sunansa, ki taɓa shi ko ki ɗauke shi. Idan ya daina, ya dube ki, yana shan mama yadda ya saba, jikinsa ba zafi, to ki kwantar da hankalinki.

Ciwon kunne

Idan yana kaɗa kai yana jan kunne, yana kuka in an kwantar da shi, ko ruwa na fita daga kunnen, a kai shi CSI a duba. Kada a ɗiga masa mai ko ruwan ganye. Ciwon kunnen da aka bari na iya taɓa jin yaro, daga baya maganarsa ta yi jinkiri.

Alamun da ba a kwana da su

A tafi likita nan take, ko da dare ne, idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

Jiki ya yi zafi, musamman ga jinjirin da bai kai wata 3 ba.
Ya ƙi kama mama, ko yana amayar da duk abin da ya sha.
Maɗiga ta kumbura, ko wuya ya sanƙare.
Jiki ya saki, yana barcin da ba a iya tashe shi.
Idanu sun kafe ko sun juye, hannu da ƙafa na fizga, kuma ko an riƙe shi ba ya dainawa.

A yankinmu na Adar cututtuka biyu ne suka fi kawo haka. Da damina zuwa kaka, masassarar cizon sauro, wadda kan hau kan yaro ta sa shi jijjiga. Da rani kuma, lokacin ƙura da zafi, sanƙarau. A jinjiri sanƙarau ba dole ne ya sanƙarar da wuya ba. Wani lokaci kumburin maɗiga da ƙin mama ne kawai alamarsa, kuma yana iya kisa cikin kwana ɗaya.

Akwai kuma wata irin farfaɗiya ta jarirai da ke ɓulla tsakanin wata 3 zuwa 12. Kan yaro ya faɗo gaba farat ɗaya, hannuwa su zabura, ya yi haka sau da yawa a jere, galibi da tashinsa daga barci. Ba ta zuwa da zafin jiki, shi ya sa ake raina ta, alhali jinkirin magani na cutar da ƙwaƙwalwa. Haka nan in kai na kaɗawa tare da rawar ƙwayar ido, a nuna wa likita.

Idan jijjiga ta kama yaro

A kwantar da shi ta gefe, a sassauta masa tufafi. Kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo, kada a turara masa hayaƙi, domin yana iya shaƙewa. Kuma kada a girgiza shi da ƙarfi don ya farfaɗo. Hakan na iya sa jini ya zuba a ƙwaƙwalwar jinjiri. Addu'a a yi ta a kan hanya.

Ina za a je?

A fara da likita mafi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu, su za su tura ku babbar likita ta Keita. Mutanen Bouza da Madaoua ma kowa na da tasa, sama da su kuma akwai ta Tahoua. Tun 2006 dokar Nijar ta ce duba yaran da ba su kai shekara 5 ba kyauta ne a likitocin gwamnati. A riƙe karnen yaro. Allurar rigakafi ta mako 6, 10 da 14 na kare shi daga wasu ƙwayoyin da ke kawo sanƙarau, maganin rigakafin masassara da ake rabawa da damina kuma ana fara ba shi daga wata 3. Gidan sauro kullum.

Ku kuma ƴan uwa da ke Abijan, Libiya ko Najeriya, in an kira ku an ce yaro na girgiza kai, ku tambayi abu uku: jikinsa da zafi? Yana shan mama? Yana dainawa in an ɗauke shi? Ku ce a ɗauki bidiyonsa da salula a nuna wa likita, domin sau da yawa kafin a isa abin ya lafa. Sannan ku ba uwar izini tun yanzu, da kuɗin mota a hannunta, kada ta zauna jiran waya yaro na wahala. Allah ya raya mana su.