Zanzibar, Tsibirin da Iska da Kanumfari Suka Gina

Duk wanda ya hau jirgin ruwa daga Darussalam, ya yi tafiyar kamar sa'a biyu a Tekun Indiya har idonsa ya faɗa kan fararen benayen Unguja, wadda duniya ta fi sani da Zanzibar, galibi ba abin da ya kawo shi face farin rairayin Nungwi da Paje, da ruwan nan garai-garai wanda mutum ke hangen ƙafarsa a cikinsa. Amma da zai jinkirta wankan teku kwana ɗaya, ya kutsa lungunan tsohon birni, waɗanda saboda ƙuncinsu mota ba ta ratsa su, ya tsaya gaban ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla, da ya gane cewa rairayi shi ne mafi ƙarancin abin da tsibirin ya mallaka.

Asalin arzikin wurin iska ce. A da, daga Disamba zuwa Maris, iskar da mutanen ƙasar ke kira kaskazi takan koro jiragen katako daga Oman da Hadramaut da Indiya, sa'an nan idan ta juya ta zama kusi sai ta mayar da su gida. Tsakanin zuwa da komawa kuwa fatake kan zauna watanni, su yi ciniki, su yi aure, su gina masallatai. Shaidar daɗewar wannan mu'amala tana ƙauyen Kizimkazi, inda rubutun Kufi da ke jikin mihrabin masallaci ya ambaci shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107 Miladiyya. Har yau akasarin jama'ar Shafi'iyya ne, don haka Bahaushe ɗan Malikiyya kada ya yi mamaki in ya ji liman ya bayyana Bismilla kafin Fatiha.

Bayan Larabawan Oman sun karya ƙarfin Turawan Fotugal a wannan gaɓa cikin 1698, sai tsibirin ya koma hannunsu, har Sayyid Sa'id ɗan Sultan, wanda ya fahimci inda riba take, ya bar Maskat ya mai da fadarsa nan wajen 1840, ya kuma matsa wa masu gonaki su dasa itacen da Larabawa ke kira ƙaranful, Suwahilawa su ce karafuu, mu kuwa mu ce kanumfari. Sai dai fa wannan ɗan tsinke mai ƙamshi, da matanmu ke jefawa cikin kunu da yaji ba tare da wani tunani ba, sai da hannu ake tsinkarsa ɗaya bayan ɗaya kafin furensa ya buɗe, hannuwan kuma a wancan zamani na bayi ne, waɗanda ayarin fatake irin na Tippu Tib ke korowa daga can cikin nahiya, suna ɗauke da hauren giwa a ka. Wanda ya yaba ƙawar benayen nan bai ambaci wannan ba, a ganina, bai yi wa tarihi adalci ba. Sai a 1873 Sarki Bargash, bisa tilas daga Ingila, ya rufe kasuwar bayi ta Mkunazini, aka gina majami'a a filinta.

Abin da ya biyo baya bai ɗauki dogon zamani ba: Ingilishi suka shimfiɗa ikonsu a 1890, suka yi wa fada ruwan igwa ranar 27 ga Agusta 1896 a yaƙin da bai cika sa'a ɗaya ba, aka sami mulkin kai a Disamba 1963, juyin juya hali ya kawar da sarauta ranar 12 ga Janairu 1964 bayan zubar da jini mai yawa, cikin Afrilu kuma aka haɗe da Tanganyika aka sami Tanzaniya.

In Allah ya kai ka, mai karatu, ka shiga kasuwar Darajani ka sayi kanumfari, ka tambayi mai awo daga ina aka kawo shi. Galibi zai ce maka daga tsibirin Pemba, domin tun guguwar 1872, wadda ta kwantar da gonakin Unguja, can noman ya fi ƙarfi.