Tsohuwar kat-kat a ƙasar Gaya: gyaran da mai mota zai iya yi da hannunsa

Masu sauraronmu na Tanda, Bengu, Tunuga, Yelu da Bana sun sani, idan damina ta kankama, hanyoyin ƙauye sai kat-kat. Ita ke ɗaukar mai naƙuda zuwa likitar Gaya cikin dare, ita ke kai buhunan shinkafa kasuwa. Da yawa daga cikin waɗannan motoci sun haura shekara 25, wasu kuma 'yan uwa mazauna Kwatano, Legas ko Turai ne suka aiko da su. Shi ya sa muka tattara wannan bayani wuri guda, domin mai mota da direba da yaron mota su riƙa dubawa.

A ƙasar Gaya abu uku ke kashe tsohuwar kat-kat: ruwa, ƙura da gurɓataccen mai. Dukkansu kuwa mai mota na iya tare su da sifana kaɗan da minti goma kowace safiya. Wannan ya ƙara muhimmanci tun ƙarshen watan Yulin 2023, lokacin da aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil. Kayan gyaran da a da ke biyowa ta tashar ruwan Kwatano sai suka koma zagaye ta Lome ko ta Nijeriya.

San motarka tukuna

Kafin ka taɓa ko ƙusa ɗaya, ka san irin injin da ke cikin motar. Waɗanda muka fi gani a nan su ne Toyota Land Cruiser samfurin 70, wadda aka fara ƙerawa a 1984, da Toyota Hilux, sai kuma Nissan Patrol. Land Cruiser da aka yi daga 1990 galibi tana da injin gazuwal mai suna 1HZ, mai silinda shida, lita 4.2. Hilux ta shekarun 1990 takan zo da injin 3L, mai silinda huɗu, lita 2.8. Patrol samfurin Y60, wadda ta fito a 1987, an san ta da injin TD42.

Alherin waɗannan injina shi ne babu kwamfuta a cikinsu, makanikin gari na iya kwance su ya mayar. Sunan injin da lambar shasi suna rubuce a wani ɗan faifan ƙarfe, galibi a cikin bonet. Ka ɗauki hotonsa da waya. Duk ranar da za a sayo maka wani abu daga Dosso, Yamai ko Kamba, wannan hoton za ka tura.

Kayan aikin da bai kamata su bar mota ba

Sifana masu lamba 10, 12, 14, 17 da 19 suna kwance mafi yawan ƙusoshin motar Japan, sai lamba 24 don murafan man giya da na pon. A ƙara da sukudireba, filaya, jak da katako mai kauri da za a ɗora shi a kai, sifanar taya, famfon giris, fambel na ajiya, filtar gazuwal sabuwa, fis-fis, shebur da igiya mai ƙarfi.

Dokar farko: kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A ƙasa mai rairayi jak na nutsewa ko ya zame. A sa giya, a ja birkin hannu, a datse tayoyi da dutse, sannan a tokare shasi da kututture.

Duban safe

Kafin a tayar da injin, motar na tsaye a wuri madaidaici, a zaro sandar awon baƙin mai, a goge, a mayar, a sake zarowa. Mai ya tsaya tsakanin alamomi biyu. A duba ruwan lagireto, wanda wasu ke ce wa radiyater, da man birki da na kuloci. A danna fambel da babban yatsa: in ya lotsa fiye da santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ya yi sako-sako. Daga nan a leƙa ƙasa. Ɗigon da aka gani yau, shi ne lalacewar gobe a tsakiyar daji.

Baƙin mai

A hanyoyinmu masu ƙura, a yi bidanj, wato juyen mai, kowane kilomita 5,000. Motar da ba ta yawan tafiya a juye mata duk wata shida. Man da ya dace da waɗannan injina a zafinmu shi ne mai lamba 15W-40 na injin gazuwal. Injin 1HZ na shan kusan lita 10. A juye yayin da injin ke da ɗumi, a sauya filtar mai, a shafa ɗan mai a robar sabuwar filtar, a ɗaure ta da hannu kawai. Gazuwal na saurin baƙanta mai, don haka launi ba ya nuna komi. Amma in man ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga, a kashe injin a nemi makaniki.

Tsohon man da aka juye kada a zubar da shi kusa da rijiya, fadama ko bakin kogi. Masunta da manoman shinkafa na rayuwa da wannan ruwan.

Gazuwal da ruwan da ke ɓoye cikinsa

Kowa ya san a bakin iyaka ba kullum ake shan mai a gidan mai ba. Man jarka na zuwa da ruwa, tsatsa da rairayi, su kuwa ke cinye famfon gazuwal da nozul, waɗanda gyaransu ke cin kuɗi mai yawa. In dole ta sa ka sayi na jarka, ka bar shi ya kwana. Ruwa ya fi gazuwal nauyi, zai kwanta ƙasa. Ka tace da farin ƙyalle mai tsabta, ka bar na gindin jarkar.

A ƙasan filtar gazuwal akwai ɗan murfi na zubar da ruwa. Sau ɗaya a mako a damina, ka sassauta shi, ka danna famfon hannu da ke saman filtar har ruwan ya ƙare, gazuwal tsantsa ya fara fitowa, sannan ka rufe. Idan mota ta fara rasa ƙarfi a hawa, filtar nan za a fara zargi. Bayan an sauya ta, ko in mai ya ƙare a hanya, iska na shiga layin. Sai a yi ta danna famfon hannu har ya yi tauri kafin a murza makulli. Yawan murza makulli ba ya fitar da iska, batir kawai yake kashewa.

Ƙura da zafi

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na cika filtar iska cikin 'yan kwanaki. A ciro ta, a bubbuga a hankali, a hura mata iska daga ciki zuwa waje. In an ga ɓula ko robar bakinta ta tsage, a sauya. Land Cruiser 70 na da ɗan kofi a ƙasan gidan filtar da ke tara ƙura, a riƙa zazzage shi. Kada a yi tafiya ko ta kilomita ɗaya ba filta, domin ƙura na goge cikin silinda kamar yashi.

A watannin Afrilu da Mayu kuwa zafi ne abokin gaba. A wanke fuskar lagireto daga laka da 'ya'yan ciyawa. Ruwan rijiya mai gishiri ko kanwa, irin na wajajen Dallol Foga, na toshe bututunsa kuma yana cin ƙarfe. A yi amfani da ruwan sanyaya injin na kanti, in babu, ruwan sama da aka tace. Wasu na cire tamostat wai don injin ya yi sanyi. Ba mu ba da wannan shawara ba, in ya lalace a sa sabo. Idan allurar zafi ta hau, a tsaya nan take, kada a ce bari a ƙarasa gari, don haka gasket ke ƙonewa ko kan injin ya tsage. Kada kuma a buɗe murfin lagireto da zafi, tururinsa na saɓule fata.

Bayan an ratsa ruwa

Gaya na daga cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Nijar, wajen milimita 800 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuni da Satumba. Kafin a shiga ƙorama, yaron mota ya shiga da sanda ya auna. Ruwan da ya kai gwiwa kuma yana gudu da ƙarfi, a jira ya janye. In za a shiga, a sa ƙaramar giya ta L4, a tafi a hankali ba tsayawa, ba sauya giya. Bayan an fita, a riƙa taka birki kaɗan-kaɗan har ya bushe.

In injin ya mutu a cikin ruwa, kada a murza makulli. Ruwa ba ya matsuwa, in ya shiga silinda zai lanƙwasa sandar fistin. A jawo motar waje, a duba filtar iska. In ta jiƙe, sai an cire hitoci ko nozul an fitar da ruwan.

Washegari a duba man pon, wato tukunyar haƙora da ke tsakiyar aksul na gaba da na baya, da man giya. Pon mai zafi in ya shiga ruwan sanyi yakan zuƙi ruwa. In man ya yi fari, a juye, a zuba sabo mai lamba 80W-90 ko 90. A fara kwance murfin zubawa kafin na juyewa, don kada a juye mai sannan a tarar na sama ya ƙi buɗuwa. Sannan a bi furofela da sandunan sitiyari da famfon giris har sai sabo ya turo tsoho.

Giyar kat-kat da tayoyi

Tsofaffin motocin nan na da makulli a tsakiyar tayoyin gaba, mai rubutun FREE da LOCK. A kan kwalta, kamar hanyar Gaya zuwa Dosso mai kilomita kusan 150, a bar shi a FREE, ƙaramar sandar giya kuma a H2. Tafiya da H4 a busasshiyar kwalta na murɗe furofela ta cinye taya. Amma sau ɗaya a wata a kulle LOCK a yi kamar kilomita 15, domin mai ya zagaya haƙoran gaba.

Gargadar hanyar jar ƙasa na sassauta ƙusoshi. Duk mako a bi ƙusoshin taya da na ƙarafan da ke riƙe da sifirin. Ganyen sifirin ɗaya in ya karye a sauya shi kafin lodi ya karya sauran. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu da ke nuna lokacin ƙira: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta haura shekara shida, ko zanenta na nan, a duba ta da kyau don tsagewa. Motocin da ke da rim mai zobe kuwa, a kula ƙwarai wajen bugun iska, zoben na iya tashi ya kashe mutum. A juya shi ya fuskanci ƙasa ko bango, kowa ya ja baya.

Batir

A goge farin garin da ke taruwa a kawunansa, a ɗaure sosai, a shafa giris. Ruwan batir na kanti kawai za a ƙara. In za a cire batir, a fara da wayar da ke da alamar ragi, ita kuma za a mayar ƙarshe. Lafiyayyen batir na nuna volt 12.6 a kashe, da wajen 14 in injin na aiki. Wasu Land Cruiser na aiki da volt 24, da batir biyu, don haka a tabbatar kafin a ja wuta daga wata mota.

Abin da za a bar wa makaniki

Famfon gazuwal, nozul, kan injin, cikin giya da gyaran birki mai zurfi ba na gida ba ne. Haka ma bel ɗin taimin na injin 1HZ da 3L, wanda ake sauyawa a kilomita 100,000. In ya tsinke cikin tafiya, fistin na dukan bawul, aikin ya zama na buɗe injin. TD42 ba ya da wannan bel, haƙora yake amfani da su. Hayaƙi ma na ba da labari: baƙi na nuna filtar iska ta toshe ko nozul ya gaji, shuɗi na nuna injin na ƙona baƙin mai, fari da bai ɗauke ba bayan injin ya ɗumama na iya zama ruwa.

Ga 'yan uwa na ƙetare

Ku da kuke aiko da mota ko kuɗin gyara, ku tambayi ranar da aka sauya bel ɗin taimin. In ba wanda ya sani, a sauya kafin motar ta fara aiki. Filtoci na jabu sun cika kasuwa, kuma araha ba ta ado. Filtar mai, ta gazuwal da ta iska na asali, in kun aiko su bisa lambar shasi, sun fi tsarabar rediyon mota amfani.

A ajiye ƙaramin littafi a cikin mota, a riƙa rubuta ranar kowane gyara, kilomita nawa, me aka sauya, nawa aka kashe. Direba ya riƙa tura hoton shafin ta WhatsApp duk ƙarshen wata. Wannan na rage zargi tsakanin mai mota da direba, kuma makaniki zai san inda zai fara. Mai tambaya ya aiko mana ta layin gidan rediyo, tare da sunan injin motarsa. Allah Ya tsare hanya.