Asalin Ƙofar Furotin ta Kuloroplas

Kuloroplas shi ne ɗan koren ƙwanson da ke cikin ƙwayoyin ganye, wanda ke mayar da hasken rana abinci. Asalinsa bakteriya ce mai cin gashin kanta, 'yar dangin sayanobakteriya, da wata ƙwayar halitta ta haɗiye fiye da shekara biliyan 1 da suka wuce, ta kasa narkar da ita. An saba jingina wannan fahimta ga Lynn Margulis, 1967, alhali Konstantin Mereschkowsky na Rasha ya faɗa tun 1905.

Da zama ya yi zama, baƙuwar ta miƙa wa mai masaukinta mafi yawan ƙwayoyin gadonta. Yau fiye da kashi 90 cikin 100 na furotin ɗin kuloroplas a waje ake haɗa su, sai an shigo da su ta tantani biyu. Ƙofar waje TOC ake ce mata, ta ciki TIC. Binciken 1977 da 1978 ya fara nuna cewa irin wannan furotin na zuwa da ɗan guntun shaida a goshinsa, wanda ake yankewa da zarar ya shige.

Shekarun 1990 ne suka warware ƙullin asalin ƙofar waje. A 1994 Schnell da Kessler da Blobel suka ware sassan ƙofar waje. A 1998 ɗakin binciken Jürgen Soll a Jamus ya gano ɗan'uwan Toc75, wato ainihin ramin ƙofar, a jikin sayanobakteriyar Synechocystis. Su Reumann da Keegstra suka ƙarfafa hakan a 1999. Dangin Toc75, wato Omp85, aikinsu a bakteriya dasa furotin a tantanin waje, daga ciki. Ke nan tsohon kayan aiki ne aka juya wa akala. Masu gadin ƙofar kuwa, Toc34 da Toc159, mai masauki ne ya kawo su.

Ƙofar ciki kuwa an daɗe ana ja-in-ja a kanta. A 2013 su Masato Nakai a Japan suka ce furotin Ycf1 yana cikin ginshiƙanta. Albasar Goronyo tana da shi. Amma shinkafar fadamar Wurno da geron Rabah, da sauran dangin ciyawa, sun zubar da ƙwayar gadonsa tun da daɗewa, ga shi kuma duk damina ganyensu kore shar.